Tudun Da Tirelar Direba Take Mutuwa

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sauke Direba daga babbar mota, gidan ya yi wa Tela wani irin shiru da ba ta saba da shi ba. A da, in ya yi tafiya, ta san zai dawo ya cika ɗaki da labarin hanya. Yanzu kuwa ga mutum a zaune a kujera, hannun hagu a kan cinya kamar ajiya aka ba shi, amma in ta yi masa magana sai ya ce "to" ko "a'a", ya mai da ido ga bango. Tun suna amare yake kiranta Tela saboda ɗinkinta, ita kuma tana kiransa Direba. Har wannan kiran ma sai da ya yi wuya a bakinsa.

Autarsu ce ta samo dabara. Tana aikin kwamfuta a wani gari mai nisa, da ta zo hutu sai ta taho da tsohuwar kwamfutarta ta tebur, da sitiyari na wasa, da abin takawa mai totur da birki. Ta haɗa su a ɗakin gaba, inda keken ɗinkin uwarta yake, don nan ne intanet ya fi kamawa. Wasan na tuƙin tirela ne: ka ɗauki kaya a wannan gari ka kai wancan, kana tafe da wasu direbobin da ke zaune a gidajensu, kuna magana ta abin sawa a kunne. Giya maɓalli ne a bayan sitiyarin, daidai inda yatsun dama ke kaiwa.

Da farko Direba ya ce shi ba yaro ba ne. Sai Auta ta gaya masa ai Dogo ma yana ciki. Dogo tsohon abokin hanyarsa ne, wanda ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gidan ɗansa a wani gari. Ranar da muryar Dogo ta fito a kunnensa tana cewa, "Kai, matsa mini in wuce, har yanzu tafiyar kunkuru kake yi?" Tela ta ji mijinta ya yi dariyar da ta daɗe ba ta ji ba. Sai da ta tsayar da keke ta share ido da gefen mayafi.

Daga nan kullum bayan cin abincin rana sai su kama hanya, shi da Dogo. Ita tana ɗinki a bayansa, tana jin mijinta suna musu a kan wanda ya fi iya shan kwana. Wani lokaci ya waiwayo ya ce, "Tela, rage ƙarar kekenki, muna shiga gari."

Haka aka yi watanni, sannan kwamfutar ta fara tsiya. Akwai wata hanya a wasan mai dogon tudu, kullum ruwan sama ake tafkawa a wurin, ga fitilun motoci, ga itatuwa suna kaɗawa. Da ya kai tsakiyar hawan sai hoton ya daskare, ƙarar injin ta maƙale a wuri ɗaya, allon ya yi baƙi ƙirin, kwamfutar ta mutu. Kafin ta sake tashi Dogo ya yi nisa, kayan da ya ɗauko sun tashi a banza. Ya sake gwadawa, ta sake mutuwa. Daga baya ma ba sai ya kai tudun ba, ko cunkoson gari ya shiga sai ta ɗauke.

Wata rana ya ture sitiyarin, ya jawo sandarsa ya shige ɗakin kwana. Da Dogo ya kira waya, ya ce a gaya masa barci yake yi. Washegari ma haka.

Tela ta same shi a bakin gado. Ta ce, "Yau ba tafiya?"

"Na gaji da wasan yara."

"Ni za ka gaya wa haka? Mutumin da ko shayinsa sai ya huce saboda wasan?"

Ya sa hannun dama ya ɗaga na hagun, ya sake shi ya faɗi a kan cinya. "Wannan ne. In hanya ta yi wuya nakan manta in kai shi kan sitiyari, sai ya zame ya danna abin da ba a dannawa. Na lalata wa yarinya kayanta. Motar gaske ta ƙi ni, ta ƙarya ma ta ƙi ni. Kada ki gaya wa Auta."

Ta ce to. Tana fita ta ja ƙofa, ta kira Auta a waya ta bidiyo.

Tela ba ta taɓa taɓa kwamfutar ba sai dai ta goge mata sama. Amma ta jingina wayar da gwangwanin maɓallai, ta gyara zaman tabarau, ta ce, "Faɗa mini abin da zan yi. A hankali, kamar kina koya wa kakarki."

Auta ta fara da tambaya. Mutuwa take yi gaba ɗaya ko wasan ne kawai yake rufewa? Gaba ɗaya. In ba wasa ake yi ba tana mutuwa? A'a. Wuta na ɗaukewa a lokacin? A'a, keken ɗinki ma yana aiki abinsa.

"To ba intanet ba ne, Umma. Da shi ne, wasan kawai zai fitar da shi. Kuma ki kwantar da hankalinki, babu maɓallin da hannun Baba zai danna a sitiyarin nan ya kashe kwamfuta. Ko zama ya yi a kai."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata. Ina jin direban ne ya tsufa, sai mun sabunta shi."

Tela ta cire tabarau ta dubi wayar. "Ke Auta! Uban naki?"

Auta ta yi dariya har wayar ta kife mata. Da ta dawo tana share hawaye, ta yi bayani cewa akwai wata 'yar manhaja a cikin kwamfutar da ake kira direba, ita ce ke tafiyar da ɓangaren da yake zana hoto. Tela ta ce su dai masu kwamfuta ba su da ladabi, duk sunayen duniya ba su ga na saka wa abu ba sai na mijinta.

Aka sha fama. Auta ta ce a danna dama, Tela ta danna hagu. Ta rufe abin da aka ce ta buɗe. Sau da yawa kibiyar ta ɓace mata a allo sai ta ɗaga linzamin kwamfutar sama tana nemanta. A ƙarshe dai sabon direba ya shiga, suka kuma rage kyan hoton wasan daga na ƙoli zuwa matsakaici. Auta ta sa ta shiga wasan, ta bar tirelar a tsaye a gindin tudun, cikin ruwan saman, su ga abin da zai faru.

Ba a jima ba allon ya sake yin baƙi.

Tela ta ji zuciyarta ta karye. Ta riga ta gama shirya yadda za ta je ta ce masa ya taso, an gyara. Auta ta ce, "Umma, kafin ta mutu kin ji wani abu? Ta waya ba na jin komai."

"Tana wani gurnani a ƙarƙashin tebur. Kamar injin kekena in na wuni a kansa."

"Taɓa jikinta."

Ta sunkuya ta kai hannu, ta janye da sauri. "Kai! Ai wannan sai a yi guga da ita."

"Shi ke nan, zafi ne. In hoto ya yi yawa, ga ruwa ga fitilu, aikin ya yi mata nauyi, sai ta ɗau zafi. In ya wuce ƙima takan kashe kanta don kada ta ƙone. Cire ta daga soket, ki bari ta huce. Kina da sukudireba?"

"Wani direban kuma?"

"Umma, don Allah."

Ta ɗauko ƙaramin da take kwance keke da shi. Ta jawo akwatin kwamfutar zuwa tsakar ɗaki, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta kwance murfin gefe kamar yadda aka gaya mata. Da ta haska ciki da fitilar waya, daga ita har Auta sai da suka yi salati. Burbushin yadi da guntayen zare sun dunƙule a kan fankokin kamar bargo. Ga ja, ga kore, ga wani ruwan hoda mai ƙyalli. Duk abin da almakashinta ya zubar a watannin nan, kwamfutar ta bi ta shaƙe.

Tela ta ciro wani dunƙule ta ɗaga. "Wannan na rigunan 'yan makarantar nan ne. Wannan kuma labulen matar mai kanti."

"Ni ce ma na ajiye ta a gindin kekenki," in ji Auta. "Ban yi tunani ba."

Da ɗan burushin da take share haƙoran keke ta yi aikin. Auta ta ce ta riƙe fankar da yatsa kada ta juya, kada ta sa ruwa, kada ta ja wata waya. Ta bi lungu-lungu a hankali, kamar mai tsefe kan jaririya, har ƙarfen da ke ƙarƙashin fankar ya fito fes. Ta mai da murfi, ta ɗora akwatin a kan wani benci kusa da taga, nesa da keke.

Suka kunna. Tirelar ta tsaya cikin ruwa, ta daɗe, ba abin da ya faru. Gurnanin ya koma ɗan huci mai laushi.

"Saura gwajin gaske," in ji Auta. "Sai an hau tudun. Kira Baba."

Tela ta leƙa ɗaki. Ya juya wa ƙofa baya, ya ce a ƙyale shi. Ta dawo ta tsaya tana kallon kujerar. Sai ta gyara ɗaurin zane, ta zauna, ta cire abin kunnen daga jikin kwamfutar don sauti ya fito fili, ta ƙure ƙara.

Ƙafarta ta saba da taka keke, don haka ta danne totur har ƙasa. Injin ya yi wata kururuwa, motar tana rarrafe a giya ta ɗaya. Ta murɗa sitiyari, ta kwashe allon gefen hanya. Ta murɗo, ta goga jikin wata motar bas. Masu wasan da ke bayanta suka dinga danna mata oda.

Ba ta ji fitowarsa ba, sai ƙarar sanda a bakin ƙofa.

"Wa yake kashe injin nan? Tela! Sa giya! Ba kya jin kukan da yake yi?"

"Ina giyar take?"

"A bayan sitiyarin, ta dama. Ɗaga ƙafa tukuna! Ai ba ɗinki ba ne. Yauwa. Ƙara. Bi hannunki, kina cin hanyar mutane."

Ya matso har ya dafa bayan kujerar. Tana jin numfashinsa a kan ɗankwalinta. Suka wuce inda kwamfutar take mutuwa yana ta faɗa, bai ma lura ba. Sai da hanya ta miƙe, ruwan ya tsagaita, sannan ya ankara.

"Ba ta mutu ba," ya ce.

"Ba hannunka ba ne, Baba," in ji Auta daga jikin gwangwanin maɓallai. "Zaren Umma ta ci ta ƙoshi har ta kasa numfashi."

Tela ta nuna masa tulin burbushin a kan takarda. Ya dube shi, ya dubi wayar, ya dubi matarsa da ƙura a goshi da sukudireba a cinya.

"Na ce kada ki gaya mata."

"Ka ce."

Ya sa yatsa ya cire mata wani jan zare da ya maƙale a gira. "Tashi mini daga mota," ya ce a hankali, "kafin a ƙwace mini lasin."

Ta tashi ta taimaka masa ya zauna. Auta ta ce za ta koma aiki, amma a riƙa share fankar lokaci-lokaci, in kuma ta sake mutuwa a gaya mata, kada a yi mata ɓoyo. Direba ya ce ya ji, uwar iyayi. Ya sa Tela ta kira masa Dogo. Dogo na ɗauka ya ce, "A'a, mai barci ya farka? Na ɗauka sai na zo da ƙugiya na jawo ka." Direba ya ce ya shigo hanya su gani, yau sai ya sha hayaƙi.

Suna jiran Dogo ya shiga, Direba ya ɗauki hannun hagun ya ɗora a kan sitiyari. Ya zame. Ya sake ɗorawa, ya sake zamewa. Wannan karon bai ture komai ba, ya tsaya yana nazarin abin.

"Tela, da za ki ɗinka mini wani ɗan maɗauri, mai laushi, da zai riƙe shi a nan? Mai gashin ƙashi ta ce in riƙa sa shi aiki. Ko bai tuƙa ba, ya riƙa bin juyin."

Ta ciro tef ɗin awo daga wuyanta, ta durƙusa a gefensa, ta zagaya shi a wuyan hannun. Hannun ya rame fiye da yadda ta zata, amma da ɗumi.

"Ya matse?" ta ce.

"Ɗan saki kaɗan."

Ta saki kaɗan, ta sa farce a kan lambar, ta tashi ta nufi kwandon ƙyallaye tana neman wanda ba zai ci masa fata ba.