Ranar da Inna Yalwa ta Farke Dila

Inna Yalwa ba ta yi boko ba, allon ma ba ta yi nisa ba, amma duk Bahaushen da ya taɓa sauka Guangzhou sarin kaya ya san ƙofarta. A saman wani tsohon bene a unguwar Xiaobei take sayar da abinci. Ita ke tuƙa tuwo, ɗanta Lukman ke yin miya. Kowa kuwa ya sani, ko bai faɗa ba, saboda miyar ake wahalar hawa benen nan.

Lukman ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. "Kai" take ce masa, in kuma tana zancensa da wani ta ce "yaron nan", alhali ya haura talatin. Bai yi aure ba, ba ya kuma son a yi masa maganar. Tun yana ƙarami ta ga yanayinsa ba irin na sauran maza ba ne, tafiyarsa da yadda yake juya hannu in yana magana. Ta gani, ta haɗiye. Ba ta tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Sai barci ya ƙaurace masa. Abinci ya koma tsakura. Yau miya ta yi gishiri, gobe a manta daddawa. Wata rana da la'asar ta fita nemansa, ta same shi a kan gadar da mutane ke tsallaka titi, ya kifa ƙirji a kan ƙarfe yana kallon motoci a ƙasa, irin kallon da uwa ba ta so. Ta kamo rigarsa ta jawo shi gida.

Abibata ce ta ba ta shawara, wata 'yar Ghana mai aika kaya Kumasi, wadda ke cin abinci a wurinsu. Ta ja ta gefe ta ce, "Inna, akwai wani wuri. Ba allura, ba magani, magana kawai. Wata mata ce 'yar China, aikinta ke nan sauraron masu irin damuwar Lukman. Ba ta zagi, ba ta wa'azi, abin da aka faɗa mata kuma a ɗakin yake mutuwa."

Matar tana jin yaren China da Turanci. Turancin Lukman kuwa na kasuwa ne, nawa ne, rage mini, ba ya ɗaukar zancen zuciya. To, Inna Yalwa ta yi abin da kowa ke yi a garin nan in zai fuskanci ɗan China: ta nemi tafinta. Ta kira Kallamu. Shi ke kai 'yan kasuwa masana'anta, shi ke kai mai ciwon haƙori asibiti, shi ke tsayawa in biza ta rikice. Ga shi ya daɗe yana cin tuwonta, rabi ma ba ta karɓar komai.

Matar ta ga an shigo mata da mutum na uku. Ta tambayi Lukman ko ya yarda, ta tambayi Kallamu ko zai riƙe amana. Kallamu ya dafa ƙirji ya yi rantsuwa. Aka rufe ƙofa, Inna Yalwa tana zaune a waje. Lukman ya fito ido jawur, amma a ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari, ya yi barci kamar an sauke masa buhu daga ka.

Mako bai zagayo ba magana ta cika shagunan kasuwar Guangyuan. Kallamu ne ke bi shago shago yana kwaikwayon muryar Lukman, yana lanƙwasa hannu. Wai ya ce zuciyarsa ba ta taɓa karkata ga mace ba. Wai ya yi kuka kamar amarya. Har zancen gada sai da ya mai da shi abin dariya. Masu hawa bene suka ɗauke ƙafa. Wani Alhaji ya aiko a faɗa mata shi ba ya cin abin da ya fito daga irin wannan hannun, shi da a da har kwano yake sa a cika masa da miya ya tafi da ita masauki. Lukman ya shige ɗaki ya ja labule. Da ta yi masa zancen komawa wurin matar, sai ya ce, "Inna, in sake buɗe baki a gaban wa?"

Ta tare Kallamu a bakin tashar jirgin ƙasa.

"Kai, ɗan nan, me na yi maka?"

"Haba Inna, gyara fa nake yi. Gara a san halin da yake ciki a taya shi da addu'a."

"Addu'ar ce kake yi da rangwaɗa a gaban shaguna?"

Ya yi dariya, ya ce ana jiransa a Xintang, ya wuce.

Ta je wurin dattawan da ke sasanta rigimar 'yan kasuwa. Suka sunkuyar da kai, suka ce magana ce mai nauyi, ta yi haƙuri, tonawa ƙara wari zai yi. Wato an yanka mata ɗa a tsaye, ita ce kuma za ta yi haƙuri. Ta gyara mayafi ta fito, ko sallama ba ta yi musu ba.

Abin da Kallamu ya manta shi ne, tsohuwa mai tuƙa tuwo ba kurma ba ce. A sana'ar sarin kaya ba abin da ake ɓoyewa kamar samfuri. Mace za ta zauna ta ƙirƙiro ɗinkinta, ta ba tafinta ya kai masana'anta, ko ƙawarta ta ƙut ba za ta nuna wa ba sai kaya sun sauka Kano. Hajiya Rafia ta fitar da wani dogon siket na jins mai aikin jan zare a baki, tana shirin kasuwar Sallah da shi. Kwanakin baya Kallamu na zaune a ɗakin cin abincin Inna Yalwa, loma a baki, waya a kunne, yana ce wa Hajiya Zulaiha, wata mai sarin kaya irin na Rafia, "Na kai wa mai masana'anta samfurin Rafia, zai buga miki irinsa sak. Na ce ya jinkirta nata, naki zai riga shiga kwantena." Inna Yalwa ta ji, ta ci gaba da tuƙinta, don abin da aka faɗa a kan tabarmarta ba ya sauka bene. Haka take tun da ta fara sana'a.

Ranar lodin kwantena ta ɗauki wuƙar yankan nama ta naɗe a tsumma. Lukman ya fito daga ɗaki ya tsaya a ƙofa.

"Inna, ina za ki da wuƙa?"

"Ba mutum zan yanka ba, kwantar da hankalinka. Siton Alhaji Maidaji za ni. Zo ka karanta mini sunan da ke jikin dila."

Ta faɗa masa abin da ta ƙudura. Ya girgiza kai.

"Abin da ya yi mini ke nan fa za ki yi. Kin ji magana a ɗaki, za ki kai ta kasuwa."

"Kai ciwonka ya tona. Ni satarsa zan tona. In kai ba ka ga bambanci ba, ni na gani."

"Ba zan je ba."

"Zauna. Na san hanya."

Siton Alhaji Maidaji cike yake ranar, don kowa na zuwa ya ga kayansa sun shiga kwantena kafin a ja ta zuwa tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Diloli jibge har rufi, kowace da suna a jiki. Ba a taɓa dilar wani, ko mai siton ba ya buɗewa. Inna Yalwa ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma ta sha kawo abinci nan, ta kuma san Zulaiha ba ta yarda da rubutu kaɗai, sai ta sa an zagaye kayanta da koren salatif. Ta hango Rafia tana yi wa Kallamu ƙorafin an riƙe mata kaya a masana'anta, shi kuma yana cewa injinsu ne ya lalace. Zulaiha na gefe tana danna waya.

In ta farke dila ta tarar da wandunan yara, ta gama yawo a garin nan, ita ma ta sani. Ta ɗan ja da baya. Sai ta tuna ƙirjin da ta gani kife a kan ƙarfen gada. Ta warware tsumma, ta luma wuƙa a dila mai koren salatif, ta ja tun daga sama har ƙasa.

"Innalillahi! Inna Yalwa, kin haukace ne?" in ji Alhaji Maidaji.

Kaya suka zubo. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta yage ledar da haƙori, ta ware shi sama. Dogon siket na jins, jan zare a baki.

"Hajiya Rafia, zo ki gaida ɗinkinki. Ga injin da ya lalace."

Rafia ta karɓa, ta juya bakin siket ɗin, ta duba aljihu, ta ɗago ta kalli Kallamu. Ba ta yi ihu ba, muryarta ma ƙasa ta yi. "Kallamu, kai kaɗai na ba."

"Hajiya, wallahi masana'antar ce, kin san halinsu..."

Zulaiha ta ga wuta na nufo ta, ta yi maza ta fitar da kanta. "Kada ka sa ni a ciki. Kai ka kawo mini, ka ce sabon yayi ne."

Nan fa wuri ya kaure. Wani ɗan Kwari ya ce shi ma bara ya ga takalminsa a shagon maƙwabcinsa kafin nasa su iso. Wata ta ce a kira mata lawban, wato mai masana'antarta, yanzu yanzu, a gabanta. Kallamu ya ga ba mafita, sai ya nuna Inna Yalwa da yatsa.

"Ku ji fa wadda ke magana! Uwar ɗan daudu! Don na faɗi gaskiya a kan ɗanta shi ne..."

"Lukman," in ji ta.

Waɗanda suka san ta suka kalli juna, don ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta.

"Sunansa Lukman, ni na haife shi, ɗan farina ne. Ciwo ya kai shi ɗakin nan, ni na ɗauko ka na ce ka zama bakinsa. Ka dafa ƙirji ka rantse. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba a ba ka ajiyarsa don ka yi talla ba." Ta juya ga jama'a, wuƙar na hannunta har yanzu. "Ku kuma da kuka yi dariya, wannan bakin shi ke raka ku asibiti. Shi ya san wanda aka yi wa gwajin jini da abin da aka gani. Shi ya san mai mata a garin Foshan da ba a sani ba a gida. Ku ci gaba da dariya, layi ne, zai zo kanku."

Ba wanda ya yi dariya. Alhajin da ya ce ba ya cin miyar Lukman ya shiga laluben aljihu kamar ya yar da wani abu. Alhaji Maidaji ya ce wa Kallamu ya fice masa daga sito, kada ya sake ganin ƙafarsa. Ya ce da Inna Yalwa ɗinkin dilar da ta farke yana wuyanta. Ta ce a kawo allura da zare, ta ɗinke da hannunta, da daɗin rai.

Da ta koma gida ta ba Lukman labari tun daga farko, har da yadda leɓen Kallamu ke rawa. Ya saurara, bai yi murmushi ba.

"Kin huce?"

"Ban huce ba. Sai ya bar garin nan."

"Ni abin da ke ƙirjina yana nan, Inna."

"Na sani. Sa rigarka."

Ta raka shi wurin matar. Wannan karon shi kaɗai ya shiga, da guntun Turancinsa da wayar da ke juya masa magana in ta kakare. Inna Yalwa ta ja kujera ta tokare ƙofar da bayanta, duk wanda ya gifta ta bi shi da harara har ya ɓace.

Tana nan zaune wayarta ta yi ƙara. Hajiya Rafia ce, tana son tuwo da miyar kuka na mutanenta gobe. Sannan ta ce, "Amma Inna, ke za ki yi miyar da kanki, ko?"

"Ni tuwo nake tuƙawa. Miya Lukman ke yi."

"To ai na ce ko..."

"In tasa kike so, a kawo miki. In wata kike nema, meyo, babu. Ki tambayi Kallamu, ya san wurare."

Inna Yalwa ta riƙe wayar a kunne. Ta cikin ƙofa tana jiyo muryar ɗanta, yana magana yana tsayawa, yana sake ɗauka.

"A sa yaji da yawa," in ji Rafia.