Sifilin da Aka Rubuta wa Hajiya Sabuwa

Hajiya Sabuwa ta shekara arba'in tana sayar da man gyaɗa a kasuwar Damagaram, kuma a duk layin babu wanda ya taɓa jin ta ce wash. Haihuwarta bakwai, maƙwabta ba sa sanin tana naƙuda sai sun ji kukan jariri. Shi ya sa lokacin da ciwon ciki ya kwantar da ita har ta bar kasuwa, 'ya'yanta biyu da ke Faransa suka san abin ya kai inda ya kai. Abdul'aziz, babban ɗanta, injiniya ne a wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon. Mardiya kuwa, autarta, tana zaune a Stains, tana aikin ƙididdiga a wata cibiyar bincike a Paris. Suka haɗa ƙarfi suka kawo ta.

Wata takwas ana fama da sankarar hanji. Ranar wata Talata likita ta zaunar da Mardiya ta ce mata magani ya ƙare, abin da ya rage shi ne a sassauta wa tsohuwar raɗaɗi har lokacinta ya yi. Komawa gida ma ba zai yiwu ba, jikinta ba zai ɗauki jirgi ba. Ta miƙo mata takarda mai sunayen gidaje shida da ake jinyar waɗanda ajali ya kusanto, huɗu a kewayen Paris, biyu a Lyon.

Mardiya ba ta yi kuka a nan ba. Ta koma ga abin da ta iya. Ta buɗe kwamfuta ta tattaro alƙaluman da kowane gida ya wallafa: mutum nawa cikin ɗari aka shawo kan ciwonsu cikin kwana biyu, minti nawa ake ɗauka kafin a amsa ƙararrawa, majinyata nawa ke hannun ma'aikaciya ɗaya, iyalai nawa suka ce sun gamsu. Ta jera su, ta auna. Wani gida a arewacin Paris ya yi wa saura fintinkau: casa'in da shida cikin ɗari wajen kashe ciwo. Na Lyon da yayanta ke so ya tsaya a saba'in da ɗaya.

Ta kira shi. Bayan gajeriyar gaisuwa ya ce, "Mardiya, wannan na Lyon ɗin na shiga cikinsa da ƙafata. Uwar abokin aikina Kamal a can ta cika. Na ga yadda suka riƙe ta."

"Yaya, mutum ɗaya ka gani. Ni ɗaruruwa nake kallo a gabana. Saba'in da ɗaya fa! Kana nufin cikin mutum goma, uku su kwana suna murƙususu, mu kai Inna can?"

Ya ce, "Ke kika karanci lissafi. Allah ya sa haka shi ne alheri."

Aka kai Inna gidan na Paris. Gidan kuwa ba laifi a ido. Ga lambu, ga labule masu launin ƙasa, ga ƙamshi a ko'ina. Kullum Mardiya kan zo bayan ta tashi aiki, ta tarar an gyara tsohuwar tsaf, ta duba allon da ke gindin gado inda ake rubuta ƙarfin ciwo daga sifili zuwa goma. Sifili. Ɗaya. Sifili. Sai ta ji sanyi a ranta, har ta ɗauki hoton allon ta tura wa yayanta ba tare da ta ƙara ko kalma ba.

A rana ta biyar aka soke wani taro a wurin aikinsu, ta iso da hantsi. Ta tura ƙofa a hankali, ta tsaya cak. Inna ta juya fuska ga bango, ta damƙe ƙarfen gado da hannu biyu har jijiyoyin hannun sun miƙe. Zufa ta jiƙa ɗankwalinta. Leɓenta na ƙasa ya tsage inda ta cije shi. Ba ta fitar da sauti, sai numfashi guntu-guntu kamar mai hawan tudu da kaya.

Kafin Mardiya ta yi magana wata ma'aikaciya ta shigo da sauri, riƙe da wata 'yar roba mai kama da abin awon 'yan makaranta, an zana lambobi a jikinta. Jin motsi, Hajiya Sabuwa ta saki ƙarfen, ta gyara zaninta, ta haɗa fuska.

"Ça va, Madame? La douleur?" in ji ma'aikaciyar da Faransanci, tana tambayar ƙarfin ciwon, tana nuna mata lambobin da yatsa.

"Alhamdu lillahi, 'yata. Da sauƙi," tsohuwar ta amsa da Hausa, har da ɗan murmushi.

Ma'aikaciyar ta mayar da murmushin, ta rubuta sifili, ta juya za ta fita.

Mardiya ta tare ƙofa. Ta tambaye ta da Faransanci, "Me ta ce miki?"

"Ta ce lafiya lau."

"Kina jin Hausa?"

"A'a, amma ai ta yi murmushi."

"Kin dubi leɓenta? Kin taɓa ɗankwalinta?"

Matar ta ce majinyata goma sha ɗaya ke hannunta tun safe, kuma ƙa'ida ta ce abin da majinyaci ya faɗa shi ake rubutawa. Mardiya ta ce a kira likita yanzu-yanzu. Aka yi wa Inna allura. Cikin rabin awa yatsunta suka saki, ta yi barci irin wanda Mardiya ta gane ba ta yi kamarsa ba tun da aka kawo ta. Ashe gyaran da take tararwa kullum da yamma, tsohuwar ce ke tattara sauran ƙarfinta don kada 'yarta ta gani.

Daga ɗakin ta wuce ofishin shugaban gidan. Mutum ne mai taushin murya, ya ba ta kujera, ya ce ya fahimci halin da take ciki, iyalai kan shiga ruɗani a irin wannan lokaci.

"Ba ruɗani ya kawo ni ba, tambaya ce," in ji ta. "Casa'in da shida cikin ɗarin da kuka wallafa, cikin mutum nawa?"

Ya ce cikin waɗanda aka iya aunawa.

"Waɗanda ba a iya aunawa ba fa? Wanda bakinsa ya mutu, wanda hankalinsa ya gushe, wanda ba ya jin yarenku?"

Ya gyara zama. Ya ce waɗannan akan ware su gefe, ba sa shiga lissafi, haka tsarin yake. Wani lokaci kuma, idan majinyaci bai nuna damuwa ba, akan ɗauka babu ciwo.

"To su nawa kuka ware bara?"

Bai so faɗa ba, amma ta ƙi tashi. Ya duba kwamfutarsa. Cikin mutum ɗari biyu da goma, an ware tamanin da huɗu. Takardar jin ra'ayin iyalai kuwa, talatin da ɗaya ne kawai suka cike suka mayar.

Mardiya ta ji kanta ya yi zafi. Wannan dabarar ta san ta, ita ce abu na farko da take gargaɗin ɗalibai a kai in sun zo koyon aiki wurinsu. Ga shi an yi mata ita a kan uwarta, ta kuma haɗiye ba ta tauna ba.

"Wato kun kori masu ciwon daga lissafin ciwo, sannan kuka buga ganga kuna cewa babu ciwo a gidanku. Kwana biyar tsohuwa tana cin leɓenta a ɗaki na goma sha biyu, ku kuna tara sifili kuna ƙawata allo. Da sifilinta za ku jawo wata uwar gobe!"

Ya ce ta sassauta murya, akwai marasa lafiya.

"Yanzu ka tuna da su?"

Da ta koma ɗaki Inna ta farka. Mardiya ta zauna a bakin gado tana goge mata leɓe da auduga.

"Inna, don me ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa, Auta? Yarinyar nan tana shigowa a guje tana fita a guje, ga alama ko karyawa ba ta yi ba. Kuma wanda ya ɗora mini ai yana gani. In kai ƙararsa wurin sa'ar 'yar cikina?"

"Ni fa? Ni ma ba za ki gaya mini ba?"

"Ke da kike zuwa idonki duk ya faɗa? Ki bar ni da nawa."

Washegari da sassafe Mardiya ta hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Abdul'aziz ya tarbe ta a tasha. Ta shirya jin gori, amma bai ce komai ba sai, "Kin ci abinci?" Wannan ya fi gorin yi mata ciwo.

Gidan na Lyon tsohon gini ne, fentin barandar ya fara ɓarewa. Babbar ma'aikaciyar jinya, wata mai suna Inès, ita ta karɓe su. Mardiya ba ta yi kwana-kwana ba, ta tambaye ta dalilin da ya sa lambarsu ta yi ƙasa.

"Saboda kowa muke ƙirgawa," in ji Inès. "Wanda ba ya magana muna duban goshinsa, da hannunsa, da yadda yake numfashi in an juya shi. In mun ga alama mu rubuta akwai ciwo, ko da ya ce babu. Wasu kuma ciwon nasu yana fin ƙarfinmu kwana uku, huɗu. Mu rubuta hakan." Sai ta jawo takarda. "Ke gaya mini, mahaifiyarki in abu ya dame ta, me take yi? Kada ki ce mini me take cewa."

Mardiya ta dubi yayanta. Wata takwas tana yawo da Inna daga wannan likita zuwa wancan, babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Abdul'aziz ne ya amsa: takan damƙe abin da ke kusa, takan daina jan carbi, in kuma ta ce da sauƙi sau biyu a jere, to babu sauƙin.

Bayan kwana biyu motar asibiti ta kawo Hajiya Sabuwa Lyon. Inès ta sa aka rubuta kalmomin Hausa guda takwas aka manna a jikin bango, ma'aikatan suna karantawa a karkace, tsohuwar tana gyara musu tana dariya. Ba kullum aka ci nasara ba. Akwai ranar da ciwon ya ƙi jin allura tun safe har azahar, aka rubuta takwas a allo, amma likita ya zo sau uku a ranar har aka canza magani. Matar Abdul'aziz, Balkisa, takan dama kunun gyaɗa ta kawo, Inna ta sha cokali biyu ta ce gyaɗar ƙasar nan ba ta da mai. Ta yi wasiyya a natse, ta yi magana da sauran 'ya'yanta na gida ɗaya bayan ɗaya ta waya. Kwana ashirin da uku ta yi. Ta cika ranar Alhamis bayan la'asar, Abdul'aziz na karanta mata kalmar shahada, hannunta a buɗe cikin na Mardiya.

Bayan sadakar bakwai Mardiya ta rubuta ƙorafi shafi huɗu zuwa gidan na Paris, ta aika kwafi ga hukumar da ke sa ido a kansu. Amsar gidan ta zo bayan wata biyu, layi tara. Sun ce sun bincika, an bi ƙa'ida yadda ya kamata, kuma suna taya ta jimamin rasuwar mahaifinta, Monsieur Sabouwa.

Ta karanta wa yayanta ta waya.

"Mardiya, ki bar su da Allah," ya ce. "Inna ta tafi cikin salama. Ki yafe, ki huta."

"Yaya, in yafe me? Ni na kwana biyar ina cizon leɓe? Ba haƙƙina ba ne balle in yafe. Kuma yau ɗin nan akwai wata a kan gadon nan."

Ta kashe wayar. A makon ta nemo iyalai uku daga cikin tamanin da huɗun da aka ware, ta hanyar masallacin unguwarsu da ƙungiyar matan Nijar: wani ɗan Mali, da wata 'yar ƙasar Kambodiya, da wata Bafaranshiya da mijinta ya rasa magana bayan shanyewar jiki. Biyu suka yarda su sa hannu. Ta uku ta ce ba za ta iya sake tuna wannan ɗakin ba, Mardiya ta ce ta gane, ta yi mata godiya. Ranar Litinin ta ɗauki hutun rabin yini, ta kai wasiƙa ta biyu ofishin hukumar da hannunta, ta ƙi barin wurin sai da aka buga mata hatimi a kwafinta.