Yaron da Ke Godiya In An Naushe Shi

"Umma, in mutum ya naushe ka, ka ce masa na gode, zafin yana raguwa ne?"

Daga ƙarƙashin teburin yanka yadi yaron ya jefo tambayar, inda yake tsince ƙyallaye. Uwar tana tsaye da tef a wuya, tana auna kafaɗar wata mai kawo ɗinki. Matar ta yi dariya, ta ce yaran yanzu sai dai a bar su. Uwar ta taya ta, amma da ta zo rubuta awon sai ta tarar lambar ta gudu daga kanta.

Ita ta kai shi koyon karate. Yaro ne mai hawaye a kusa, ko fensir aka ƙwace masa a makaranta sai ya dawo yana shessheƙa, har kawunsa ya laƙaba masa Sarkin Kuka. Uban direban babbar mota ne, bai cika zama ba, don haka ta ga in ba ta tashi tsaye ba yara za su mai da ɗanta ganga.

Wuri biyu ta duba. Na farko a saman wani kantin magani, inda wata mata mai furfura ta shimfiɗa katifu, yara na faɗuwa suna tashi suna dariya, iyaye na kallo daga benci. Matar ta ce a wurinta sai yaro ya iya faɗuwa ba tare da ya ji ciwo ba kafin a koya masa duka. Uwar ta sauko tana tsaki. Ai ɗanta ya riga ya ƙware a faɗuwa. Na biyu tsohon sito ne, kofunan gasa jere a kan kanta, yara a layi kamar an ja su da zare. Malamin ya ce iyaye ba sa shiga, ganin uwa ke sa yaro laushi. Wannan ya burge ta. A gaban yaran duka ta tura ɗanta gaba ta ce, "Malam, ga Sarkin Kuka na kawo maka. Ka taurara mini shi."

Kukan kuwa ya tsaya cak. Har yabon kanta take yi a gaban kawun. Da hannunta ta ɗinka masa fararen kayan horon, kuma in ta ga shati a jikinsa wajen wanka sai ta ce ai horo ya gaji haka.

Washegarin tambayar ta rufe shago da wuri. Ƙofar siton a kulle take, sai ta zaga baya, ta taka wata tsohuwar taya ta leƙa ta taga. Yara sun yi da'ira, ɗanta a tsakiya, hannaye a baya. Kowa ya zo ya sakar masa naushi a ciki, shi kuma ya rusuna ya ce na gode. Da ya fara tangaɗi malamin ya daka tsawa, "Sarkin Kuka, tsaya da kyau!"

Ta buga ƙofar har hannunta ya yi zafi. Malamin ya buɗe, ya saurari faɗanta har ta gama, sannan cikin ladabi ya tuna mata ita ta ce a taurara shi, kuma ga shi ya daina kuka. Duk yaran na kallonta. Ta kama hannun ɗanta suka fita, kanta a ƙasa.

A hanya ya tambaye ta ko fushi take da shi. Ya rantse mata ko sau ɗaya bai yi kuka ba, yana riƙewa ne don ta ji daɗi. Ta durƙusa kamar za ta gyara masa ɗamara, ta daɗe tana gyaran abin da bai kwance ba.

Matakalar kantin maganin ta yi mata tsawo a ranar da ta kai shi can. Mai furfurar ta gane ta, benci kawai ta nuna mata. Ba a jima da hawan yaron kan katifa ba wata 'yar yarinya ta mirgino ta buge shi da gwiwa a haɓa. Ya miƙe ya rusuna ya ce na gode.

Matar ta dubi uwar, uwar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Jikana," in ji matar, "a nan in an buge ka, cewa ake yi, kin ji mini ciwo."

Yaron ya juyo yana duban fuskar uwarsa, ya ga ko an yarda. Ta gyaɗa masa kai. Sai ya fashe da kukan da ya daɗe yana ajiye mata.

'Yar'uwa, duk inda aka ce ki bar ɗanki ki tsaya a waje, kada ki bar shi. Kuma ki kula da sunan da kike kiransa a gaban baƙo, don da shi za a buge shi bayan kin juya.