Facin Baban Yara

Ko wane ne ya gina gidan nan, Auta ta ce ba ta yafe masa bututun ba. Fararen bututun roba ya bi bango da su, irin waɗanda in sun tsufa suke bushewa su yi ƙaras kamar kara. Yau ɗiga a kicin, gobe tsiyaya a banɗaki, jibi fenti ya kumbura yana ɓarewa. Ga shi kuma Allah ya haɗa ta da miji mai faci, wanda ya daɗe yana liƙe tayoyin mutane a bakin titi, har ya yarda duk abin da ya huje a duniya robar cikin taya ce maganinsa.

"Baban yara, don Allah a kira mai gyaran famfo ya canza su gaba ɗaya."

"Ya canza me? Huji ne fa. Ni da nake toshe hujin tayar tirela?"

Sai ya yanko roba ya naɗe wurin tam, ya ja da baya yana kallon aikinsa yana murmushi. Gaskiya ɗaurinsa ba ya yoyo, wannan ko Auta ba ta musa ba. Sai dai in an tare ruwan a nan, gaba kaɗan yake matsawa ya tsaga. Bututun kicin har ya koma baƙi ƙirin don ɗauri.

Da don ta ita ce, da ta ci gaba da tara bokiti tana tsaki. Amma Inna, mahaifiyarta, ta kwanta asibiti da ciwon ƙirji, likita ya ce a nisanta ta da danshi. Yaya, babban wansu, ya dage sai ya tafi da tsohuwar can garin da yake aiki, inda Auta ta san in an kai ta sai dai su riƙa gaisawa a waya. Sai da ta yi kuka sannan ya sassauta.

"Zan biyo da ita daga asibiti in duba ɗakin," in ji shi. "Amma Auta, in na ga laima ko ta tafin hannu, wucewa zan yi da ita."

Ta zaɓi ɗakin da ke jikin banɗaki, don shi kaɗai ne bututunsa bai taɓa ɗiga ba. Ta sa aka yi fenti, ta ɗinka labule, ta shimfiɗa katifa a ƙasa saboda gwiwar Inna, ta ajiye darduma da sabon bargo. Sannan ta ja ƙofa ta rufe, kada yara su shiga su ɓata.

Ranar da za su zo, da hantsi, sai ga maigida ya turo injin ba da iska a baro har tsakar gida.

"Wannan kuma fa?"

"Ke kin taɓa ganin mai faci ya sallami taya bai ba ta iska ya gwada ba? Inna ai uwata ce ni ma. Yau duk wani huji sai ya tona kansa."

"Bututu ne, Baban yara, ba taya ba! Da yatsa ma in ka matsa shi tsagewa yake!"

Ko a jikinsa. Ya rufe makullin tanki, ya ɗaure tiyo a bakin famfo, ya ta da inji. Ƙara ta cika gidan, Auta tana magana ba ta jin kanta. Shi kuwa ya bi ɗaurinsa ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu, yana shafawa yana neman kumfa. Da ya gama ya kashe inji, ya buɗe tanki, ya share gumi.

"Kin gani? Ko kumfa ɗaya babu. Gobe kya sake ce min a kira wani."

Auta ta zagaya da kanta. Ta duba kicin, ta leƙa banɗaki, ko ɗigo. Har ta fara jin kunyar faɗan da ta yi masa, ta koma kan girkinta.

Bayan azahar Yaya ya yi hon. Ya bar Inna a mota, ya shigo yana shinshina bango kamar mai neman laifi. Auta ta wuce gaba da murnarta ta murɗa ƙofar ɗakin. Ruwa ya kwararo ya haye takalmin Yaya. Bututun da bai taɓa ganin faci ba ya tsage daga sama har ƙasa, yana fesawa a sabon fenti. Katifa ta sha ta ƙoshi, darduma tana yawo a tsakar ɗaki.

Yaya bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗage ƙafar wandonsa ya juya. Auta ta bi shi har mota tana rantsuwa cewa da safe ɗakin a bushe yake. Inna ta sauke gilashi ta kama hannunta, tana tari.

"Kada ki yi kuka, 'yar nan. In kun gyara sai in zo."

Su duka biyun sun san Yaya ba ya kai abu ya dawo da shi. Motar ta tashi.

Da ta shigo ta tarar da maigida a ɗakin, ruwa har idon sawu, yana auna tsagar da doguwar roba.

"Wannan ma zai ɗauru," ya ce a hankali, bai yarda sun haɗa ido ba.

Auta ta karɓe wuƙar yankan roba da ke ɗaya hannunsa. Ta fara daga kicin, ta bi kowane ɗauri ta yanke, har gidan gaba ɗaya ya ɗauki tsiyaya. Bai hana ta ba. Da kansa ya je ya kira mai gyaran famfo, aka tuge bututun duka aka sa sababbi.

Ɗakin ya bushe ƙayau. Kullum da safe Auta takan buɗe tagarsa ta share, ta kaɗe bargo, ta ja ƙofa. Sannan ta ɗauki waya ta kira gidan Yaya, ta roƙi a miƙa wa Inna.