Hamdiyya a Jirgin Matan Kifi

Sati uku Hamdiyya ta yi tana fargabar ranar Talatar nan. Ranar ce 'yan aji uku na ƙaramar sakandare za su rubuta jarrabawar lissafi, kuma ba a makarantar ƙauyensu ba, sai an tsallaka tafki a jirgin ruwa zuwa garin Wara. Abinci ya daina shiga mata. Ko tana taya Inna wanke kifi, bakinta na ta maimaita abin da Malam ya rubuta a allo.

Da safiyar ranar, kafin ta sa kayan makaranta, ta ga jini. Shekarunta goma sha huɗu, ba ta taɓa gani ba. An koya musu zancen a aji, amma ran nan kowa sunkuyar da kai ya yi ana dariya ƙasa-ƙasa, babu abin da ya zauna mata. Abin da ta sani shi ne tsargiya, mai sa yaran bakin ruwa fitsarin jini. Ta ce a ranta ko ita ce, ko kuwa tsoro ne ya tsinka mata wani abu a ciki. In ta gaya wa Inna za a ce ta kwanta, jarrabawa ta wuce ta. Sai ta ɓoye zancen, ta sa kayan makaranta, ta ɗauki bironta ta gangara bakin ruwa.

Jirgin da ke fara tashi na matan kifi ne. Ta samu wuri tsakanin kwandunan bandar kifi ta takure. Ba su yi nisa ba mararta ta murɗa, ta dafe ta da hannu biyu.

Dudu, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a sana'ar, tana gefenta. Ta dube ta, ta dubi bayan siket ɗinta, ta matso.

"Ɗiyata, mi ya same ki?"

Hamdiyya ta raɗa mata, hawaye na zubo mata. "Kaka, kada ki ce a mai da ni gida. Yau muke lissafi."

"Wa zai mai da ki? Wannan ba tsargiya ba ce. Al'ada ce ta zo miki. Duk macen da ke cikin jirgin ga ta san ta."

Dudu ba ta ɗaga murya ba. Ido kawai ta yi wa na kusa da ita. Mata huɗu suka miƙe a cikin jirgi yana tafiya, suka ware mayafansu suka kama baki da baki, suka juya baya, har mai tuƙa jirgin da ke can ƙarshe ya ɓace wa Hamdiyya. Wani hannu ya miƙo audugar mata ta ƙarƙashin mayafi. Dudu ta nuna mata yadda ake sawa, ta ɗebo ruwan tafki ta wanke inda ya ɓaci a siket, ta gyara mata hijabi ya sauka ya rufe. Duk wannan, matan ba su fasa hirar farashin kifin ƙarfasa ba.

Da suka zauna, Maimuna maƙwabciyarsu ta zuba mata kunun kanwa mai zafi a murfin fulas. "Sha, yana sassauta mara. Ni ma yau kwanana biyu."

Hamdiyya ta tsaya da kunun a hannu. Da idonta ta ga Maimuna ɗazu ta ɗauko kwandon da sai an kama mata, ta ratso ruwa har gwiwa da shi a kai, tana dariya. Ta bi matan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Tun tana goye take ganinsu, suna daka, suna hura wutar banda, suna tsallaka ruwan nan ko da iska. Ashe kowace da wannan abin a jikinta, wata bayan wata, shekara da shekaru, ba ta taɓa sani ba. Jirgin ya kai tsakiyar tafki, inda gaɓa ke zama kamar zare, rana ta bazu a kan ruwa.

"Kaka, ke ma haka?"

"Shekara talatin da wani abu, kafin ta sallame ni. A ciki na haifi tara."

A ɗakin jarrabawa ciwon bai bar ta ba. Yana zuwa ya matse ta, ta ajiye biro ta ja numfashi, ya lafa, ta ci gaba. Tambayoyi uku ta bari ba ta taɓa ba da aka ce a tsaya. Sauran ta yi su da hankalinta a jikinta.

Da la'asar ta iske Inna a tsakar gida ta ɗora ruwan zafi, labari ya riga ta isowa. Inna ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce ta zauna, ta gaya mata za ta ajiye salla har sai jinin ya ɗauke, ta koya mata wankan da za ta yi a lokacin. Hamdiyya ta yi ta jero tambayoyi, Inna na amsawa ɗaya bayan ɗaya, har ruwan ya huce aka sake ɗora shi.