Rawar Korotimi a Kumasi

Saura ƙiris in fasa rubuta labarin nan, don mai shi har yau in an tuna mata sai ta rufe fuska da gyale.

Shekarar Korotimi biyu a Kumasi, daga garin Bobo, can ƙetaren iyaka, ta zo koyon kitso. Ba ta da kowa sai Anti Pokuwa, wadda ta ba ta ɗaki ta kuma tsaya mata a unguwa. Daɗinta ɗaya ne, Asabar, ranar da ake makoki a garin. Duk inda aka kafa rumfar makoki akwai makaɗa, ita kuwa sai ta sayi soyayyar ayaba mai citta a takarda, ta raɓe a gefe tana ci, ƙafarta na motsi a ɓoye.

Da kawun Anti ya rasu, aka ba ta baƙin zane, ta shiga cikin dangi. Bayan azahar sarkin ƙauyen su Anti ya iso, aka ɗauko gangunansa. Kiɗan ya ratsa ta. Matan gida suka yi ta zuga ta:

"'Yar Bobo, tashi mana! Ko ƙafar aro gare ki?"

Ba ta san sa'ad da ta faɗa fili ba, da takalminta, ba ta ko gai da makaɗa ba. Ta tuna wata rawa da ta taɓa gani ta burge ta. Ta nuna gabas, ta nuna yamma, ta tattaro hannuwa ta dafa ƙirji.

Ganguna suka ɗauke ɗif.

Wani tsoho mai sanda, wanda ke magana da yawun sarki, ya miƙe.

"'Yata, yaushe aka naɗa ki ba mu ji ba? Kin ce gabas da yamma duk naki ne. To mu ina za mu kwana?"

Dariya ta ɓarke. Sarki kaɗai ke wannan nuni, shi kaɗai ke rawa da takalmi. Korotimi na tsaye tana kallo, Anti Pokuwa, mace mai jikoki, ta durƙusa a ƙasa gaban jama'a ranar makokin kawunta, tana ba da haƙuri.

A mota Anti ta kau da kai tana kallon taga. Korotimi ta gwammace a zage ta. Suna isa gida ta ɗaure kayanta a zane, ta zauna jiran a ce ta fita.

Da safe ta ƙwanƙwasa wa Nana Dufiye, tsohuwar maƙwabciyarsu, don a nan mai laifi ba ya roƙo da bakinsa. Tsohuwa ta shige gaba zuwa wajen Anti, ita tana baya, tafin hannu bisa tafin hannu.

Anti ta gama sauraro, ta dubi Korotimi.

"Ranka ya daɗe, sarkin gabas da yamma," in ji ta. "In an gama mulkin, tsakar gida na jiran shara."

Korotimi ta ɗauki tsintsiya, ba ta ɗago kai ba.