Kuskuren Ƙarshe da Ticha Ya Gyara

"Sake karanto min," in ji Ticha. "Kada ki haɗiye ko harafi ɗaya."

Na ɗaga wayarsa, ina shaƙar iska ta baki saboda warin ɗakin: fitsari, man zafi, da gwangwanin madarar da yake tofa majina a ciki. Saƙon daga ɗansa ne tilo, wanda ke aiki a wani kamfani, tafiyar awa huɗu daga unguwarmu. Da Turanci suke rubuta wa juna tun yana firamare.

"Daddy, I am having difficulty to come."

Ticha ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. "To come! Shekara talatin da biyar ina koyar da 'ya'yan mutane, ɗan cikina ya rubuto min to come. Mai digiri, me ya kamata ya ce?"

Haka yake kirana tun da na gama jami'a na dawo gida zaman jiran aiki. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta bayanta nake jiyo tarinsa.

"Difficulty coming," na ce, muryata can ƙasa.

"Yauwa. Difficulty, trouble, a hard time, duk ing ke bin su. In kuwa to ɗin yake marmari, sai ya ce I find it hard to come. Kwafe min a takarda."

Na kwafe. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya zaro jan biro, ya kewaye ƙaramar kalmar. Da'irar ba ta haɗe ba.

Gwaggo, ƙanwarsa, ta shigo da bokiti. Wata uku ke nan ita ke wanke shi, ita ke kwashe komai.

"Kai Yaya! Mutum na kokawa da numfashi, yana makin jarrabawa. Ɗan naka dai cewa ya yi ba zai zo ba."

"Ke da kika gudu daga aji uku, ina kika san wannan?" Tari ya sarƙe shi, na miƙa masa gwangwanin na kau da kai. Ƙudaje suka tashi, suka koma. "Da ba zai zo ba, can't zai rubuta. Wanda ya ce yana shan wahalar yin abu, yana cikin yin sa ne. Ni ma ga shi, I have difficulty breathing, amma ai ban daina ba. Yana hanya. Mai digiri, gaya mata, ba haka ƙa'idar take ba?"

A safiyar nan na ga hotunan da ɗan ya sa a shafinsa na sada zumunta. Yana kishingiɗe bakin wurin ninƙaya na wani otal, baƙin tabarau a fuska, maiƙon kaza a leɓe. A ƙasa ya rubuta: "Having a hard time leaving this place." Ko kuskure ɗaya babu. Ashe ya iya ƙa'idar. Sai a saƙon ubansa ne bai ga ya cancanci dubawa sau biyu ba.

"Haka take, Baba," na ce.

Gwaggo ta ja tsaki ta fita.

Daga ranar Ticha ya sa aka juya gadonsa ya fuskanci ƙofa. Ya sa aka aske masa gemu, aka sa masa farar rigarsa ta zuwa makaranta, wadda yanzu mutum biyu irinsa za su shiga. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai ya ɗago kai.

A kwana na uku na yi abin da ban taɓa yi ba. Na tsaya bakin famfo na kira ɗan a waya, bayan na haddace maganar da zan faɗa masa tsaf.

"A'a, ƙanwata ta kaina! Yaya tsohon? Yana nan yana gyara wa mutane Turanci?" Ya yi dariya. Ina jiyo kiɗa da fantsamar ruwa a bayansa. "Kin san yanayin aiki. Ki ce masa ina ƙoƙari."

Duk abin da na haddace ya gudu. "To," na ce. Ya kashe.

Washegari da hantsi tarin ya tsaya. Ina shanya kaya na lura da shirun, kafin Gwaggo ta ƙwala ihu.

Awa biyar bayan an sanar da ɗan, sai ga motarsa a ƙofar gida, tana sheƙi. Bai sha wata wahalar zuwa ba. Ya tsaya a bakin ɗakin, hankici a hanci, turarensa na faɗa da warin man zafi.

"Gwaggo, don Allah a buɗe taga mana."

"Wata uku tana buɗe," in ji ta, ba ta ko dube shi ba.

Ya koma waje amsa waya. Gwaggo na cire zanen gado takardar ta faɗo. Ta nisanta ta da idonta, ta haɗa haruffa biyun da ke cikin jar da'irar, ta karanta su da Hausa.

"To. To me? 'Yar nan, me Yaya ya amsa wa da to?"

Na karɓi takardar na fita. Na sami ɗan jingine da katanga yana gaya wa wani cewa rashin ya girgiza shi. Na tsaya a gefensa har ƙafata ta gaji, bai juyo ba. Sai na ɗaga ƙarfen share gilashin motarsa na maƙale takardar a ƙasa, rubutun yana kallon kujerar direba.

Daga tagarmu ina hango ta har yamma. Iska na ɗaga gefenta tana saki, jar da'irar nan tana nan a buɗe ta gefe ɗaya.